Daga Yau Ban San Ka Ba

Mai karatu, labarin da zan ba ka na mako shida ne da na yi cikin shekarar 2019 ina shirin wata jarrabawa wadda aka ce ba a cin ta, ba a kuma faɗuwa, amma duk da haka ta hana mutum biyu barci a gidanmu, watau ni da mahaifiyata.

Ina ɗan shekara 12 muka bar Zariya muka koma jihar Ohayo ta ƙasar Amurka a 2013, inda Baba ya sami aiki a wani asibiti. Ingilishina a lokacin bai wuce na ɗan firamare ba, ga shi kuwa in Amurkawa suna magana sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Inna malamar Ingilishi ce, ta shekara goma tana koyarwa kafin mu taso. Da ta ga na yi wata uku ina zuwa makaranta ina dawowa ba abin da na kama, sai ta ce ita za ta karantar da ni a gida. Dokar ƙasar ta yarda da haka a dukan jihohinta 50, ko da yake kowace jiha da nata sharuɗɗan. Teburin cin abinci ya zama ajina har shekara shida. Mutanenmu mazauna garin suka yi ta cewa ta kulle yaro, za ta cuce shi. Ba ta taɓa tanka wa kowa ba.

Da na cika shekara 18 na nemi shiga wata kwalejin gunduma, irin waɗanda ake karatun shekara biyu a cikinsu. Suka karɓi takardar sakamakon da Inna ta rubuta da hannunta, amma suka ce tun da ban zauna jarrabawar ACT ko SAT ba, tilas in yi jarrabawar tantance aji, wadda za ta nuna ajin Ingilishin da ya dace da ni. Sunanta ACCUPLACER, ƙungiyar College Board ce take shirya ta. A kwamfuta ake yi. Akwai sashen fahimtar karatu da sashen gyaran rubutu, kowanne ana ba da maki daga 200 zuwa 300. Sa'an nan ga insha'i na kalma 300 zuwa 600, wanda na'ura take dubawa ta ba da maki har zuwa 8.

Gaskiya ne ba a faɗuwa, gama ko nawa ka samu kwalejin za ta ɗauke ka. Amma wanda makinsa ya gaza sai a tura shi ajin share fage, ya biya kuɗi, ya ɓata watanni, ba a kuwa lissafa wannan aji cikin darussan da ake ba da takardar shaida a kansu. Kuɗin bai dame ni kamar ɗaya abin ba. Na san in aka kai ni share fage a Ingilishi, fannin da Inna take taƙama da shi, to, masu tsegumi sun sami bakin magana, kuma ita za a yi wa dariya.

Da fari ban ji tsoro ba, domin na karanta littattafai da yawa, nahawu kuwa Inna ta ɗura mini shi tun ina kuka. Na rubuta insha'in gwaji, ta duba ta ce ba laifi. Baba ne ya ce, "Ka kai wa wani daban ya gani mana." Sai na ɗauka na kai wa wata tsohuwar Baturiya da take taimakon ɗalibai kyauta a laburaren unguwarmu. Tambayar da na amsa ita ce, shin gaggawa ta fi amfani ko haƙuri. Tsohuwar ta gyara tabarau ta karanta a tsanake, ba ta sami kuskuren nahawu ko ɗaya ba. Can sai ta ɗago ta ce, "Samari, wane ɓangare ka goyi baya?" Na ce ai a bayyane yake. Ta ce in nuna mata. Muka bi layi layi, sai a sakin layi na huɗu muka tarar da ra'ayina ya laɓe. Na farkon duka shimfiɗa ce, irin tamu ta gida wadda ba a faɗa wa magana sai an gaisa an tambayi gajiya. Har na juya karin maganar nan ta sannu ba ta hana zuwa cikin Ingilishi, ita kuwa ta tambaye ni wane ne yake tafiyar, ina kuma za shi.

Na dawo gida jikina a sanyaye na kwashe duka na gaya wa Inna. Ta karɓi takardar ta sake karantawa, ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "Laifina ne. Kafin ka buɗe baki na san abin da za ka ce, saboda haka duk inda ka bar giɓi sai in cike da kaina ban sani ba." Ta ɗauko jan biro ta ce, "Daga yau ban san ka ba. Abin da ka rubuta kaɗai na sani."

Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, balle ta yabe ni a gaban idona. Amma sai ran nan na gane ashe shekara shida tana rufa mini asiri a kan takarda. Ɗan makaranta yakan ratsa hannun malamai da dama, kowanne baƙo ne a gare shi, dole ya koyi bayyana kansa. Ni kuwa mai karatuna ɗaya ne tak, ita ce kuma ta haife ni.

Muka tsara aiki. Kullum da hantsi in rubuta insha'i ɗaya a kwamfuta, ba ƙamus, domin ba a shiga da shi ɗakin jarrabawa. Ra'ayina ya fito a sakin layi na farko, kowane sakin layi da ya biyo baya ya ɗauki hujja guda da misalinta, na ƙarshe ya ɗaure maganar. Waɗannan suna cikin abubuwan da ake aunawa: tsayawa kan manufa, tsari, kawo hujja, sarrafa jimloli, ƙa'idojin rubutu da zurfin tunani. Da la'asar in amsa tambayoyin gwaji da College Board take bayarwa kyauta. Inna kuwa ta cika alkawari. Duk inda na yi tsalle sai ta rubuta a gefe, "Ban gane ba." Ran nan na ce, "Haba Inna, kin fa san abin da nake nufi." Ta ce, "Wace ce Inna? Ni baƙuwa ce." Ranar Asabar kuma in kai wa tsohuwar laburare wanda ya fi kyau cikin na makon.

Ranar jarrabawa Baba ya kai ni da sassafe. Tsarinta shi ne in ka amsa daidai, tambaya ta gaba ta ƙara tsanani, in ka kuskure ta sassauta, kuma ba a komawa baya a gyara. Da na kai tsakiya tambayoyi suka yi nauyi, gabana ya faɗi, sai na tuna nauyin alama ce ta cewa ina kan hanya. Da na zo insha'i, hannuna ya fara shimfiɗa kamar yadda ya saba. Na share, na rubuta ra'ayina a jimla ta farko.

Nan take sakamako ya fito. Na sami 6 a insha'i, kwalejin kuwa 5 take nema, sauran sassan ma sun isa. Na miƙa wa Inna takardar tana tsaye a kicin. Ta duba sau biyu ta ce, "To, madalla. Ka ci abinci?" Da dare na fito shan ruwa, sai na hange ta zaune a teburin nan ita kaɗai, takardar tana gabanta.

Ban ba da wannan labari don in kushe karatun gida ba, gama da shi na tsaya da ƙafafuna. Ina dai jan kunnen iyayen da suke karantar da 'ya'yansu da kansu, da duk ɗalibin da malami ɗaya ya rena: tun da sauran lokaci, a nemi wanda bai san yaro ba ya karanta rubutunsa, a kuma saurari inda zai ce bai gane ba. Har gobe in na gama rubutu nakan aika wa Inna, in roƙe ta ta karanta shi a matsayin baƙuwa. Jan biron nan bai ƙare ba tukuna.