Malaman Masama da Zamanin Kwamfuta

Wani abokin karatuna da ke koyarwa a ƙasar Gwandu ne ya matsa mini in je in gani da idona, domin a cewarsa mu 'yan Kano mun iya rubutu a kan makarantun karkara daga cikin ofis mai fanka. Muka haɗu a Birnin Kebbi, ya goya ni a babur muka nufi Masama.

Kebbi ba jihar da za a ce ba ta san darajar alli ba ce. Gwamna Nasir Idris, Kauran Gwandu, shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT ne kafin a zaɓe shi a 2023, kuma malamai kan faɗi haka da alfahari, wasu da ɗan gunaguni irin na wanda ɗan'uwansa ya samu duniya. Jihar tana cikin bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya a 2020, wanda ya haɗa da koya wa 'yan mata amfani da na'ura. A Maris na 2022 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe manhajar Nigeria Learning Passport, darussa kyauta ga duk mai waya. A takarda dai komai ya kankama.

A wata firamare da ke wani ƙauye a yankin, hedimasta ya buɗe mini akwatin ƙarfe a ofishinsa. Kwamfutocin hannu ne a ciki, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Na tambaye shi dalilin ajiye su. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ni na sa hannu na karɓa. In guda ta fashe, wa za a tambaya?” Ba wuta a makarantar, sai an kai caji shagon mai sola a kasuwa, a biya daga aljihu. Malamin da aka tura bita a kan na'urorin kuma an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da abin da ya koya a kansa.

Ban ga laifin hedimastan ba. Yadda ake horar da malamai a ƙasar nan ne ke haifar da irin wannan akwati. A kira mutum ɗaya ko biyu daga kowace makaranta zuwa babban gari, a zaunar da su 'yan kwanaki gaban majigi, a ba su alawus da takardar shaida, a ce su koma su koya wa sauran. Ba a ware musu lokacin yin hakan, ba mai biyo sawu ya zauna a bayan aji ya ga ko darasi ya sauya. Wani lokacin ma wanda ake turawa ba mai sha'awar abin ba ne, wanda ya fi kusa da ofis ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wayar da ke aljihun malaman. Suna da zaure a WhatsApp inda suke tura wa juna tsarin darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wata malama mai NCE daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu takan naɗi muryarta tana bayanin yadda take koyar da rabawa da ƙwayoyin gyaɗa, sauran su saurara da dare idan sabis ya dawo. Ba wanda ya ba su kwangilar wannan, datar ma daga albashinsu take fita. Abin da ya fara tura su ga na'ura kuwa tsoro ne: tun 2017 hukumar rajistar malamai TRCN take yin jarrabawar cancanta a kwamfuta, kuma akwai wanda ya yi shekara da shekaru a aji amma bai taɓa riƙe linzaminta ba sai ranar. Abokina kansa a Kalgo ya koya, a wajen ƙanensa da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke can.

Da muka ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a garin Gwandu, na tuna cewa cikin littattafansa akwai Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wajensu da abin da ya ɗauka daga kowane, har da yayansa Shehu Usmanu. Ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa malami a gaban malami yake gogewa, da zama mai tsawo da gyara a kai a kai. Nana Asma'u ma haka ta horar da jajis, wato matan da ke jagorantar 'Yan Taru, su zo su karɓa, su koma ƙauyuka su koyar, su sake dawowa. A ganina zauren WhatsApp ɗin nan ya fi bitar otal kusa da wancan tsari, sai dai ba shi da ƙwararren da zai ce wannan daidai ne, wancan kuskure. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa NTI da ke Kaduna, wadda tun 1976 aikinta ke nan koyar da malami daga nesa, da ta sa malamanta cikin irin waɗannan zauruka da an rage asara.

Lokaci kuwa ba ya jira. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO su bi sahu a 2026. Yaran da na gani suna zaune a tabarma a ajin malamar nan, wata rana a gaban allon kwamfuta za a auna su tare da 'ya'yan Abuja da Legas. Kafin mu tashi ta roƙi hedimasta ya ba ta kwamfuta guda daga akwatin ta riƙa nuna wa 'yan aji shida, ita za ta biya kuɗin caji. Ya ce sai ya ji daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.