Ƙura Ba Ta San Katanga Ba

'Yan uwana mata, bari in faɗa muku gaskiya tun farko, littafin nan ya burge ni kafin ya ba ni haushi.

Yayana ne ya bar shi a ɗakin Inna a Gummi, wani ƙaton littafin Turanci mai suna The Fountainhead, wanda wata mata Ayn Rand ta fitar a 1943. 'Yar Rasha ce da ta koma Amurka a 1926, bayan 'yan gurguzu sun ƙwace shagon maganin mahaifinta, don haka ban yi mamakin yadda ta tsani kalmar "namu" ba. Wata uku na yi ina fama da shi, kullum bayan isha'i.

Tauraron labarin, Howard Roark, mai zanen gine-gine ne. Aƙidarsa ita ce mutum ya rayu don kansa, ba ya bin kowa bashi, kowa ba ya binsa. Wallahi sai na ji wani sanyi a raina. Ke da kike tashi tun asuba kina hura wuta, ki yi wa miji, ki yi wa uwar miji, ki yi wa baƙi, ƙarshe ƙanzo ne rabonki, ai kin san abin da nake nufi. Har kwana biyu na yi ina amsa wa abokiyar zamana magana da ƙyar, wai ni ga Roark!

Amma da na kai inda ya sa nakiya ya rushe gidajen da ake gina wa talakawa don kawai an canza masa zane, kotu kuma ta sallame shi, sai na rufe littafin. Yargalma ce ta faɗo mini a rai.

Kun tuna 2010. A ƙauyukan Bukkuyum da Anka, su Yargalma da Dareta da Abare da Bagega, maza na kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana dakawa ana niƙawa. Kowa a tsakar gidansa, da guminsa, bai ci na kowa ba. Ashe akwai dalma a dutsen. Ƙurar ta bi iska ta sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu.

Ɗiyar ƙanwar Inna can take aure. Mijinta manomi ne, ko dutse ɗaya bai taɓa ɗauka ba. Ɗanta na goye ya kama jijjiga, cikin kwana uku ya koma. Allah ya sa mai ceto ne.

Ban ce masu dakan son kai gare su ba, talauci ne, su ma sun binne nasu. Ni dai matar nan nake so ta nuna mini, inda aikin wani ya tsaya gidan maƙwabci ya fara, a ina ne?

Lokacin da na tafi ta'aziyyar nan, abokiyar zaman tawa ce ta riƙe mini yara har sati guda. Da na tuna haka, washegari na riga ta tashi na share mata ƙofar ɗaki, ban ce mata komai ba. Littafin dai na ƙarasa shi, yana nan ƙarƙashin katifa. Ɗiyata ta tambaye ni shi, na ce ta dakata tukuna.