Kwamfutar da Ba Ta Riƙe Sirrin Kowa

Duk lokacin da aka buɗe shafin neman aiki ko aka saki sakamakon jarrabawa, mukan aro laftof biyar ko shida, mu jera su a wani aji na makarantar unguwarmu, jama'a su zo su cike fom kyauta. Bayan mako biyu mu mayar wa masu su kayansu.

A 'yan kwanakin nan, duk wanda ya zauna sai ya bar wani abu nasa: lambar NIN, hoton fasfo, ko akwatin imel da ya tashi bai rufe ba. Ba mu san zuciyar mai zama bayansa ba. Shi ma mai laftof akwai hotunan iyalinsa a ciki. Amana biyu ke nan a wuyanmu.

Shi ya sa muke amfani da babbar manhajar da ke tashi daga filashi. Ba a girka ta a cikin kwamfuta. A ma'adanar wucin gadi, wato RAM, take ajiye duk abin da aka yi, da zarar an kashe kuma komai ya goge. Dabarar ta daɗe, domin tun a shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix mai tashi daga faifan CD.

Wajen zaɓe ne muka sha muhawara. Wasunmu suka ce Tails, wadda ta fito a 2009, tunda don ɓoye sawu aka gina ta. Sai dai ta hanyar Tor take bi da komai, ga jinkiri, ga shafukan da ke ɗari-ɗari da mai shigowa ta can. Wanda ke tseren cike fom kafin a rufe shafi ba ya da wannan haƙurin. Wasu suka kawo Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003. Ba ta da nauyi, ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta, amma fuskarta baƙuwa ce ga wanda Windows kaɗai ya sani.

Muka tsaya a kan Linux Mint, nau'in Xfce. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda ido ya saba, Firefox na ciki, ana kuma iya saita allon rubutu ya ba da ƙ, ɗ da ɓ. Muka ƙi kunna tsarin da ke adana aiki a filashi, muka kuma kulle babbar ma'adanar kowace laftof daga BIOS inda hakan ya yiwu. Kowa ya tashi, sai mu kashe mu sake kunnawa.

Wannan tsari yana da tsadarsa. Idan aka ɗauke wuta batir ya mutu, wasiƙar da wata baiwar Allah ta yi awa guda tana rubutawa ta tafi ke nan. Kowace safiya ma sai mun sake shigar da kalmar sirrin intanet. Don haka muke cewa kowa ya riƙa tura aikinsa zuwa imel ɗinsa tun kafin ya gama.

Mun yarda da wannan wahalar. Wasiƙa dai a sake rubuta ta, amma lambar mutum idan ta faɗa hannun ɗan damfara, ba mu da hanyar karɓo masa ita.