Ummanmu, Sistar Unguwa

A unguwarmu da ke cikin birnin Kano ba kowa ya san sunan Umma na yanka ba. Sista ake ce mata, yaro da babba, har limamin masallacinmu. Allah ya yi mata rasuwa a daminar da ta wuce bayan doguwar jinya. Ƙananan jikokinta tsohuwa mai carbi kawai suka tarar, ba su ga matar da ke fita da duku-duku cikin farar riga da ɗan agogo maƙale a ƙirji ba. Dominsu nake rubuta abin da na gani da idona.

Ta shiga makarantar koyon aikin jinya a zamanin da aikin asibiti abin gori ne ga 'ya mace. Dangi suka ce 'yar mutunci ba ta kwana a waje. Kakanmu ne ya tsaya mata tsayin daka, domin matarsa ta fari wajen haihuwa ta rasu, kwana biyu tana naƙuda, babu mace mai ilimin abin da za ta duba ta, kuma ba a yarda namiji ya shiga ɗakin ba. Umma ta gama karatun jinya, ta ƙara da na ungozoma, kuma yawancin shekarun aikinta a ɗakin haihuwa ta yi su.

Idan ta dawo daga aikin dare, warin Dettol ne ke riga ta shigowa. Ba ta yarda mu rungume ta sai ta yi wanka ta sauya kaya. Sau da yawa ko karyawa ba ta gama ba za a yi sallama a zaure: wata da goyo jikinsa ya yi zafi, wani magidanci da takardar magani da bai gane ba. Mun sha yin Sallah babu ita, Baba ne ke kai mu kallon hawa. Mun ji zafin wannan muna yara, ita ma ta sani.

Ba ta taɓa mai da gidanmu kemis ba. Duk nacin mutum ba ta yi masa allura a tsakar gida, sai ta ce, "Ɗauki mayafinki mu tafi asibiti, ni zan yankar miki kati." Abin da take yi a gida koyarwa ce. A shekarun da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985, aka matsa wajen koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Na ga Umma ta zaunar da mata a tabarma, ta auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ta zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali, ta miƙa wa kowace ta ɗanɗana. Takan ce kada ya fi hawaye gishiri. Yaran da wannan ruwa ya tsayar a unguwarmu yau su ne magidanta.

Inda na fi ganin gwanintarta shi ne wajen tsofaffi. Likitoci a Zariya sun daɗe da nuna cewa kunun kanwa mai yawa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, suna iya jawo wa mai jego kumburi da ciwon zuciya. Wata ma'aikaciyar sai ta daka wa uwar miji tsawa, a rabu dutse a hannun riga, a koma gida a ci gaba da abin da aka saba. Umma durƙusawa take yi har ƙasa ta gaida tsohuwa, ta tambayi jikoki, sannan ta ce, "Iya, ku kuka haife mu, kun fi mu sanin jego. Amma wannan 'yar taku jininta ya hau, dubi ƙafarta. A sirka mata ruwan, kanwar kuma a bari sai ta warware." Tsohuwa ta ji an ba ta girmanta, sai ta zama ita ce mai tsaron dokar. Haka take yi kan doguwar naƙuda. Ta ga 'yan mata da yawa da yoyon fitsari ya raba da mazajensu, kuma takan yi wa Dakta Kees Waaldijk addu'a, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya shafe shekaru yana yi musu aiki a Babbar Ruga ta Katsina da Kano. Sai dai kullum maganarta ita ce kada rana ta fito ta faɗi mace tana kan gwiwa a gida.

Bazarar 1996 ba ta mantuwa. Sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, ga kwalara da ƙyanda a lokaci guda. Umma ta rame har zobenta yana zamewa. Ta hana mu cunkushewa a ɗaki, ta fitar da mu tsakar gida muna kwana, kuma kowace safiya sai ta jera mu ta ce kowa ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Wanda ya ce kansa na ciwo, ranar ba ta da sukuni.

Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba ta taɓa kiran maƙwabtanmu jahilai ba. Ta san mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau ba, kuma wanda maciji ya sara ba a yi masa dariya don ya tsorata. Da aka dawo da rigakafin a 2004, sai ta ɗauko jikanta na fari ta fito ƙofar gida, ta sa aka ɗiga masa a baki kowa yana kallo. Ba ta ce uffan ba. Kafin la'asar gidaje da dama a layinmu sun fito da yaransu. A Fabrairun 2013, ranar da 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano, ta riga ta yi ritaya, amma ta wuni ba ta ci abinci ba. Allah ya ja kwananta ta ji sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya a Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar shan inna ta daji daga Afirka. Ta sa aka dafa abinci aka raba sadaka.

Ciwon suga da hawan jini ne suka kwantar da ita, daga baya ƙoda ta taɓu. Ko a gadon asibiti ba ta daina aiki ba. Wata rana wata yarinya sabuwar nas ta yi ta neman jijiya a hannunta za ta sa ƙarin ruwa, ta soka ta rasa, hannunta ya fara rawa. Ni raina ya ɓaci. Umma ta harare ni, ta kama hannun yarinyar ta ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Ɗaure nan, shafa da yatsa, kada ki dogara da ido. Ga ta nan." Yarinyar ta samu. Tun daga ranar kullum sai ta leƙo ta gaida ta, ko ba ita ke aiki a ɗakin ba.

A zaman makoki mun ga fuskokin da ba mu taɓa gani ba, wasu daga ƙauyukan Gezawa da Dawakin Kudu. Wani dattijo ya kira ni gefe ya ciro kuɗi a ƙulle cikin leda. Ya ce shekarun baya matarsa ta zubar da jini bayan haihuwa, ba shi da ko sisi, Sista ce ta biya kuɗin ƙarin jini da magani daga albashinta, ta ce ya kawo duk ranar da ya samu. Na ce masa na tabbata ta yafe. Ya ce shi dai bai ji daga bakinta ba, kuma ba zai koma da su gida ba. Muka yi shawara da ƙannena, washegari muka kai kuɗin ɗakin haihuwa, muka roƙi shugabar ma'aikatan jinya ta ajiye su don mace ta gaba da za ta zo ba ta da kuɗin jini.

Allah ya jiƙan Umma, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta.