Lauya Ma Sai Da Maigida

Ranar da ɗan yayanmu marigayi ya dawo daga Abuja da hular gashi da baƙar riga, Sabo ba ta yi barci da wuri ba. An yanka rago, mata sun yi guɗa, 'yan canji na bakin titi suka riƙa ɗaga hannu suna kiran "Barista! Barista!" Mu kuwa da muka riƙe shi tun yana ɗan shekara tara, muka zauna a ƙofar gida muna karɓar barka kamar mu aka rantsar. A zuciyarmu mun ɗauka an gama. Mun biya kuɗin jami'a na shekara biyar, wanda yajin aikin malamai ya ja shi ya kusa bakwai, mun biya na makarantar koyon aikin lauya, to saura me? Saura mu ga ya shigo unguwa da motarsa.

Bayan kusan shekara biyu da wannan biki, daga cinikin waken da muke yi a Bodija ake cire masa kuɗin motar haya idan zai fita neman aiki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. A lissafinmu yanzu akwai yara huɗu 'yan unguwar nan da ke karatun lauya, biyu daga ciki mata, kuma idan muka zauna da iyayensu sai mu ji irin tunanin da muke da shi a da.

Ga yadda hanyar take, ga wanda bai sani ba. Digirin jami'a shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya a ƙasar nan. Sai ya ƙara kusan shekara guda a makarantar koyon aikin lauya, wadda aka buɗe a Legas a farkon shekarun 1960, yanzu hedikwatarta tana Bwari kusa da Abuja, tana kuma da rassa a Legas da Enugu da Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal. A lokacin yaronmu kuɗin makarantar naira 296,000 ne. A ƙarshen 2023 aka ɗaga shi zuwa 476,000. Wannan ban da littattafai, da baƙaƙen kwat da fararen riguna, da abinci, da hular gashin kanta. Duk uban da ɗansa ke aji uku a jami'a, tun yanzu ya fara ajiye wani abu a gefe.

Shi Bagauda aka tura shi, reshen Kano. Yaron da aka haifa a Ibadan, bai taɓa yin wata guda cur a arewa ba. Ya ce abokansa sun sha yi masa dariya wai Hausarsa tana ƙamshin amala. A tsakiyar shekarar ne makarantar ke sallamar ɗalibai su je su ga aikin da idonsu: wasu makonni a kotu, wasu makonni a ofishin lauya, kowa da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani kullum ana sa masa hannu. Ya zaɓi ya dawo gida ya yi nasa. Muna ganinsa da safe cikin baƙar kwat yana tsaye a Mokola yana jiran motar Ring Road ko ta Iyaganku.

Wata rana ya dawo bai ci abinci ba. Bayan sallar isha'i ya ce, "Baffa, yau na ga wani abu." An kawo wani bawan Allah mai turin baro gaban wata kotun majistare, ba ya jin Turanci, Yarbancinsa kuma na kasuwa ne. Aka karanta tuhuma, wanda aka samo ya yi tafinta ya juya ya ce masa, "Ka ji abin da aka ce?" Mutumin ya ce, "Na ji." Tafinta ya juya ya shaida wa kotu cewa ya amsa laifinsa. Yaronmu yana zaune a benci, ɗalibi ne, ba shi da bakin magana a kotu. Sai ya matsa kusa da wata lauya da ke jiran shari'arta ya raɗa mata. Ita ta miƙe ta nemi izini ta ja hankalin kotu, aka sake karanta masa tuhumar da kyau, mutumin ya ce wallahi bai aikata ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a samo masa tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba, amma tsakanin "na ji" da "na yi" harafi ɗaya ne, kuma a kan wannan harafin mutum zai iya kwana a Agodi. Tun daga daren nan muka daina tambayar kanmu ko unguwar nan tana bukatar lauyoyinta.

Da aka rantsar da shi, bautar ƙasa ta kai shi wata jiha a gabas, aka ajiye shi a wata sakatariya inda babu aikin lauya ko na kwabo. Shekara guda yana karɓar naira 33,000 yana gadin tebur. Ya dawo da takarda ya fara zaga ofisoshi. Manyan ofisoshin Legas, masu biyan albashi na kirki, suna duba sakamako mai daraja ta ɗaya ko mai bi mata, suna kuma duba waɗanda suka taɓa zuwa koyon aiki wurinsu a lokutan hutu tun suna jami'a. Mu ina muka san wannan? Duk hutu a shago muke sa shi yana auna wake da mudu, muna ganin tarbiyya muke yi masa. Aikin gwamnatin jiha kuwa, kun san zancen: a nan a ce kawo takardar asali, a can garin kakanni a ce ba a san fuskarka ba. Sabo ta haura shekara ɗari da kafuwa, amma jikokinta har yau baƙi ne a takarda.

Ofishin farko da ya karɓe shi, ba za mu kama suna ba. Mai ofishin ya ce babu albashi, sai naira 20,000 na mota. Muka ce ya yi haƙuri, koyo ne. Wata huɗu yana ɗaukar jaka, yana bin layi a rajista, yana sayo abincin rana. Ba a taɓa ba shi fayil an ce karanta ka faɗi ra'ayinka ba. Kullum tambayar da ake yi masa ita ce, ina Alhazan Sabo, ina masu shanu na Akinyele, yaushe zai kawo su? Ashe ƙugiya aka ɗauka, ba ɗalibi ba. Da ya gane, ya ajiye musu makullinsu.

A nan mu ma muka yi namu kuskuren, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Muka ce masa, to tunda abin ya ƙi, ga shago, ka zauna da safe ka kula da kaya, idan shari'a ta samu ka je ka yi. Ko kuma mu kama maka ɗaki a bakin titin Sabo, ka kafa allo da sunanka. Ya yi shiru, sannan ya ɗauko littafin ƙa'idojin aikinsu ya nuna mana. Lauyan da ke aikin lauya an hana shi ya haɗa da saye da sayar da kaya da kansa, an kuma hana shi dillanci. Ka ji fa! Sana'o'i biyun da aka gina Sabo a kansu. Game da ɗakin kuwa ya ce, "Baffa, doka ba ta hana ni buɗewa ba. Amma idan na buɗe, wa zai gyara mini in na yi kuskure? Kuskurena gidan wani ne, ko 'yancin wani." Ya ce bai son ya ƙare cikin masu tsayuwa a harabar kotu da safe suna jiran a sauke mutane daga motar 'yan sanda su yi cinikin beli. Ba ya raina su, yunwa ce ta kai da yawansu can, amma wanda ya fara da nan da wuya ya koyi wani abu bayan belin.

Maganar ta tsaya mana a rai har kwana uku. Mu da muka taso a hannun maigida! Mahaifinmu ya damƙa mu ga wani fatake muna da shekara goma sha huɗu. Shekara tara muna bin motar kaya, muna kwana a kan buhu, muna kallon yadda yake tsoma hannu cikin wake ya gane na bana da na bara, yadda yake gane wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri. Bai taɓa zaunar da mu ya ce yau darasi kaza ba, amma bai taɓa ɓoye mana littafin cinikinsa ba. Ranar da ya sallame mu ya ba mu jari da sunansa. Duk wani ɗan kasuwa a unguwar nan, na goro ko na shanu ko na canji, ta wannan ƙofar ya shigo. Babu wanda zai ɗauki yaro ɗan shekara ashirin da biyar ya ba shi tirela ya ce je ka Dawanau ka yi sari kai kaɗai. Amma da yake wannan ya sa kwat yana Turanci, sai muka manta cewa shi ma yaro ne a sana'arsa, kuma neman maigida na kirki aikin iyaye ne, ba a barin yaro ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi da takarda a hannu.

Akwai wani dattijon lauya Bayarabe da ya fi shekara ashirin yana yi mana aiki. Shi ya rubuta mana takardar shago, shi ya tsaya mana lokacin da motar kayanmu ta yi haɗari aka yi ta jan magana da mai motar. Muka sayi ƙwaryar goro, muka sa babbar riga, muka tafi ofishinsa da yaron, kamar yadda aka kai mu a da. Da muka gama bayani ya cire tabarau ya dube mu ya ce, "Alhaji, shekara ashirin mutanenku suna kawo mini rigima, yau ne karo na farko da wani ya kawo mini ɗa." Kunya ta kama mu, domin gaskiya ya faɗa. Muka roƙe shi abu uku: ya ba shi fayil ya karanta, ya riƙa tafiya da shi kotu, kuma ya biya shi abin da zai ci ya hau mota ba tare da ya miƙa hannu ga kowa ba. Ya ce na ukun ne mai wuya, amma zai fara da naira 80,000. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, wannan ba abin guɗa ba ne. Yaron da ke tsare mana shago, idan aka haɗa da ɗan abin da yake samu a gefe, ya fi shi. Muka karɓa da hannu biyu.

Bambancin ya fito tun makon farko. Zai rubuta takarda shafi uku, ta dawo masa da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Ya sake, ta sake dawowa. Ya koyi cewa kwanan wata ɗaya da aka kuskure wajen shigar da takarda yana iya kashe shari'ar da ke da gaskiya. Dattijon kuma ya gano cewa yaron da ke jin Hausa da Yarbanci da Turanci yana iya zama da mai ƙara ya ji labarin daga tushe ba tare da tafinta ba, sai ya fara barinsa yana karɓar bayanin mutane shi kaɗai. Tafiyar dai doguwa ce: sai lauya ya shekara goma da rantsuwa kafin ya cancanci zama alƙalin babbar kotu, haka ma kafin ya nemi muƙamin babban lauya na SAN.

Sai kuma laifinmu na unguwa, wanda ba za mu tsallake ba. Tun da aka ji yana zuwa kotu, wayarsa ba ta hutawa. Ƙarfe ɗayan dare a kira shi, an kama ƙanen wane, ya zo ofishin 'yan sanda. Ya tashi ya hau acaɓa da kuɗinsa, ya kwana a can, da safe a ce, "Allah ya yi albarka, Barista." Mu da muke jan salla idan liman ba ya nan, muna ɗaura aure muna raɗin suna, mun san daɗin wannan addu'a, mun kuma san ba a karɓarta a gidan mai. Mutumin da zai ƙirga wa lauyan waje dubu ɗari biyu ba tare da ya nemi ragi ba, shi ne zai ce ai wannan ɗanmu ne, a gabanmu ya girma. Yaran nan kowace shekara sai sun biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen Maris, sai sun sayi hatimin ƙungiyar lauyoyi da suke mannawa a takardu. Idan akwai aikin da za a ba su, a bi ta ofishin maigidansu a biya yadda ake biya, shi ne zai sa a ƙara riƙe su da daraja a can.

Iyayen 'yan matan nan biyu sun tambaye mu zancen hijabi. Wannan an wuce wurin: bayan da aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsuwa a Disambar 2017 saboda hijabinta, an rantsar da ita da shi a 2018. Abin da ya kamata su fara nema tun yanzu shi ne ofishin da yaran za su riƙa zuwa a lokacin hutu, kuma duk wanda ke da lauyan da yake hulɗa da shi a garin nan yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa musu.

A watan jiya ya ce mana maigidansa zai tura shi babbar kotu shi kaɗai karo na farko. Muka rufe shago muka bi shi, muka zauna a bencin baya kusa da ƙofa. Tun ƙarfe tara muke jira, sai wajen sha biyu aka kira shari'ar. Ya miƙe, ya gyara hular gashinsa, ya faɗi sunansa da na wanda yake wakilta. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ce shaidarsu ba ta iso ba. Mai shari'a ya duba kalanda ya ba da wata rana, yaronmu ya rusuna ya zauna. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Da muka fito, rigarsa ta ciki ta jiƙe sharkaf. Ya ce, "Baffa, ka ji muryata tana rawa?" Muka ce daga inda muke zaune ba mu ji ba. Ya duba agogo ya ce sai ya koma ofis ya rubuta abin da ya faru a bayan fayil kafin maigida ya tambaya, ya tsayar da keke ya haye, mu kuma muka nemi motar Bodija.