Tsayar da Kwale-kwale a Bakin Yashi

Ya kai mai karatu, mu mutanen Tabla da ƙasar Kurfai mun san rijiya da tabki, amma kogi baƙo ne gare mu. Sai dai neman abinci yana kai mu Yamai da Gaya da kasuwar Ayoru ta ran Lahadi, inda ake shiga kwale-kwale mai inji. Ga abin da na koya wurin matuƙan kogin Isa.

Wurin tsayawa ake gane gwani. Tun daga nesa yake rage wuta. Yaronsa yana gaba da doguwar sanda, yana auna zurfi. In ruwa ya kai ƙugu, sai ya kashe inji, ya ɗaga shi, don kada farfela ta ci yashi ta karye. Ya juya goshin jirgi wajen da ruwa ke fitowa. Sannan a jefa ƙarfe mai ƙugiya, ko dutse mai nauyi, a saki igiya da tsawo. Gajerar igiya ba ta riƙo.

Kogi kuma ba ya zama ɗaya. A Yamai yakan cika cikin Disamba da Janairu, ya janye wajen Mayu da Yuni. A 1985 har ya daina gudu. Inda jirgi ya wuce da sanyi, da bazara tudu ne.

Kai fasinja, zauna har a ce ka sauka. In kowa ya miƙe gefe ɗaya, jirgi kifewa yake, da mutane da hatsi. Mu kuwa yawancinmu ba mu iya iyo ba.