Jimeta, Garin Da Ba A Yar Da Ƙarfe

Baƙon da ya sauka babban birnin Jihar Adamawa ba ya daɗewa sai ya gane cewa gari biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai Yola ta ainihi, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take, garin malamai da masu sarauta, ba ta son hayaniya. Sa'an nan ga Jimeta a bakin kogin Binuwai, 'yan mil kaɗan daga can, ita ce mai kasuwa da ofisoshi da tashoshin mota.

Ruwa ne ya raya Jimeta. A zamanin Turawa, da damina ta yi nisa kogi ya cika, sai jiragen kamfani su hauro da gishiri da yadi da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Yanzu wannan ya zama tarihi. Hanyoyin mota sun ƙwace cinikin, yashi ya cike kogin, madatsar Lagdo da Kamaru ta gama a 1982 kuwa ta canja masa ɗabi'a. Duk abin da jirgi ke ɗauka a da, yau yana bisa bayan mota, wata ta nufi Numan, wata ta haye gada ta bi ta Girei da Song da Gombi har Mubi, wata ta yi kudu zuwa Ganye. Garin da ke rayuwa a kan mota kuwa dole ya tara makanikai.

Idan mutum ya zaga wajen tashar Jambutu zai ga garejojinsu: rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da mai, yara na kwance ƙarƙashin motoci. Kusa da su ga masu sayar da tsofaffin kayan gyara, waɗansu 'yan Kwatano, waɗansu an kwance su daga motocin da suka yi haɗari. A nan ba a cewa abu ya mutu sai an gwada shi a mota uku. Daga cikin kayan nan akwai wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi guda biyu a manne, ana ce masa turbo, yawanci daga injin gas ake ciro shi. Jefi-jefi akan sami direban da tsohuwar akori-kurarsa ta fetur ke nishi a hawan duwatsun Hong, ya ɗauki ƙarfen nan ya juya shi, ya tambayi bakanike ko zai ɗaura masa.

Tambayar ba ta wauta ba ce. Aikin turbo shi ne hayaƙin da ke fita daga inji ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin injin. Iska ta ƙaru, an ƙone mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Farfelar kuwa ba ruwanta da irin man da ya haifi hayaƙin, saboda haka idan an ɗaura, za ta juya.

Amma fa juyawa daban, daɗewa daban. Hayaƙin injin fetur ya fi na gas zafi nesa ba kusa ba: na gas bai cika wuce digiri 800 ba, na fetur kuwa yakan kusanci 1,000 idan mota na jan kaya. Turbon gas ba a ƙera shi don wannan wuta ba, balle irin na zamani mai ƙananan fukafukai masu motsi a ciki, waɗanda zafi ke sa su cije. A haɗa da zafin Yola na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haye 40 a inuwa, sai a ga ƙarfen ya yi ja, ya tsage.

Wannan ma da sauƙi, don turbon kaɗai aka rasa. Babbar ɓarnar tana cikin injin. Injin gas da matsi yake kama wuta, an gina shi da kauri don haka. Injin fetur kuwa filogi yake jira, idan aka cusa masa iskar da ta fi ƙarfinsa ba a ƙara masa mai daidai ba, ba a ja lokacin tartsatsin baya ba, sai man ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kafin ya ankara fistin ya huje. Man 'yan bumburutu da ake saye a galan a bakin hanya, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, shi ke gaggauta wannan. Ga kuma batun girma: na gingimari ya yi wa ƙaramin inji yawa, ba zai taso ba sai an kusa ƙure totur, alhali na ƙaramar motar gas yakan shaƙe injin fetur idan gudu ya yi sama. Ga baƙin mai da dole a ja masa bututun shiga da na fita, gama sandar da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya ba ta jure ƙishi ko na ɗan lokaci.

A ƙasashen Turai da Amurka masu sha'awar tsere sukan yi wannan haɗi ya yi aiki, amma da na'urar sanyaya iska, da kwamfutar daidaita mai, da kuɗin da za su iya asara. Direban Jimeta motarsa ita ce gonarsa, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa ribar lodi ta zama 'yar kaɗan, turbo kuma ba ya ƙara ƙarfi sai da ƙarin mai. In injin ya buga tsakanin Gombi da Hong da buhunan masarar mutane a baya, kuɗin wani injin zai cinye cinikin watanni.

Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa yakan fara da abin da ya fi arha: ya wanke kafireta, ya sake filogi da zoben fistin, ya duba lagireto, ya gaya wa direba ya rage lodi. Turbon kuwa a mayar da shi kan tebur ya jira mai motar gas. In ya shekara bai sami mai saye ba, 'yan gwangwan su auna shi a sikeli, a loda shi a tirela tare da sauran ƙarafa zuwa masana'antun narka ƙarfe.